SODAR SABUNI: WUTAR DA BA TA DA HAYAƘI

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya karanta gaban taro. Mun buga shi nan don waɗanda ke wurin bida su samu. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.



Mai gari, ranka ya daɗe. Liman da malamai, Allah ya gafarta maku. Iyayenmu maza da mata, ƴan'uwa na gida da waɗanda suka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Kano, Ikko da Abijan, barkanku da zuwa. Allah ya sa mu tashi lafiya kamar yadda muka taru lafiya.

Maganarmu ta yau a kan abu guda ce: soda, wadda mata ke yin sabuni da ita. Tun da aka fara koya ma ƙungiyoyin mata yin sabuni, soda ta shigo gidajenmu. Ana saida ta kasuwa cikin ƙullin leda, wani lokaci bisa tebur guda da gishiri da kanwa. Ta kawo ma matanmu kuɗin cefane da na adashi da na littafin ɗiya. Ba mu zo mu hana kowa sana'a ba. Amma wannan farin abin, in kurɓi guda na ruwanshi ya wuce maƙoshin yaro, yana iya raba shi da tuwo har ƙarshen ranshi. Shi ya sa muka roƙi dattawa su ba mu wannan lokaci.

1. MECE CE SODA?

Kowa cikinmu ya san kanwa. Daga Manga da Kawar da dallol ake kawo ta, muna sa ta a miya, muna ba dabbobi. Mun san ruwan toka, wanda kakanninmu ke tacewa su yi sabunin gargajiya. Kanwa da toka da soda dangi guda ne, duk masu kashe tsami ne. Amma kyanwa ma dangin zaki ce.

Masu ilimi suna da ma'auni da ya tashi daga 0 zuwa 14. Ruwan sha yana tsakiya, wajen 7. Ruwan kanwa yana wajen 10 ko 11. Ruwan sodar da ake yin sabuni da shi yana 14, ƙarshen ma'aunin. Kowane taki guda na wannan ma'auni ninki 10 ne. Ke nan daga 11 zuwa 14 ninki 1000 ne. Wanda ya ce soda kanwar Turawa ce, ya ruɗe mutane.

A masana'anta ake yin ta. Ana sakar ma ruwan gishiri wutar lantarki, sai ya rabu: soda ta fito gefe guda, iskar kulorin da ake yin ruwan Javel da ita ta fito wani gefe. Jirgin ruwa ke kawo ta bakin teku, manyan motoci su kawo mana, yawanci cikin buhu mai kilo 25. Wata kamar ɓawon kifi take, wata ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, wata kuma ruwa ce cikin tano.

Abubuwa uku ke sa ta yaudari mutum. Na fari, ba ta da wari. Na biyu, in an jiƙa ta ta kwanta, ruwanta garau yake kamar na randa. Na uku, tana shan damshin iska: ledar da ta huje da damina, sodar da ke ciki narkewa take da kanta ta tsiyayo ƙasa.

A bisa buhu ana rubuta «soude caustique» da Faransanci, ko haruffa huɗu, NaOH. Masu sayowa daga Najeriya suna ce mata kostik soda. Lambarta ta sufuri 1823 ce in busasshiya ce, 1824 in ruwa ce. Akwai kuma hoto, don wanda bai yi lakwal ba: ruwa na ɗiga bisa hannu da bisa sandar ƙarfe yana cin su. Duk buhu ko bido ko tano da kuka ga wannan hoto a kai, abin da ke ciki mai cin nama ne, a kowace ƙasa kuke.

Ba masu sabuni kaɗai ke aiki da ita ba. Marina masu rinin shadda suna haɗa ta da hidiro don baba ya kama. Ana aiki da ita a masana'antun yadi da takarda, wurin tace man girki, da wurin wanke butelan lemu. Tana cikin maganin buɗe bututun da ya toshe, tana cikin wasu mayukan miƙe gashi.

2. YADDA TAKE CIN JIKI

Ku tuna aikin da take ma mai cikin bokiti: tana narka shi ta maida shi sabuni. Jikin ɗan Adam akwai kitse, akwai nama. Abin da take ma man gyaɗa, shi take ma fata. Santsin da mace ke ji a yatsunta in ta taɓa ruwan soda, fatarta ce ta fara narkewa.

Garwashi in ya faɗo maka, nan take ka janye ƙafa. Soda kuwa, in ruwan bai yi ƙarfi ƙwarai ba, sai ta ɗauki lokaci kafin zafi ya zo. Mutum na ta aiki, ita kuma tana nutsawa cikin nama. Ba ta tsayawa da kanta. Muddin tana jiki tana ci, har sai an wanke ta.

A ido abin ya fi sauri. Cikin ƴan mintoci take ratsa baƙin ido. Ɗigo guda ya isa ya maida shi fari kamar ƙwan da aka dafa, mutum ya makance.

Mafi muni shi ne haɗiya. Maƙoshi, hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, tsawonshi wajen santimita 25 ne ga babba, ga yaro kuwa gajere ne, siriri. Soda na ƙona shi daga ciki. Kwanakin fari yaro na dalala, leɓɓanshi sun kumbura, ya ƙi nono, murya ta dushe. In ƙunar ta yi zurfi tana huda maƙoshi ko tumbi, nan rai ke salwanta. In bai kai nan ba, bayan mako guda ko biyu kumburi ya sauka, yaro ya fara shan kunu, gida ya yi murna. To, nan ne yaudarar take. Ciwon yana warkewa da tabo, tabon kuma tsukewa yake, kamar yadda ɗanyar fata ke tsukewa in ta bushe. Daga mako na uku zuwa wata biyu hanyar ta fara ƙuntata. Tuwo ya daina wucewa, sannan fura, sannan kunu, daga baya ko yawu. Ga abinci cikin gida, ga yaro na ramewa gaban uwarshi.

Maganin wannan yana manyan likitoci kawai. Ana sa yaro barci, a zura mashi roba a buɗa hanyar kaɗan-kaɗan, a sake, a sake, wata da watanni, wani har shekaru. Wani sai an huda mashi ciki an sa tiyo ana zuba mashi abinci. Wani sai an yanko hanjinshi an yi mashi sabon maƙoshi. Ku lissafa kuɗin mota zuwa Yamai ko Damagaram, da zaman jinya, da gonar da ba a nome ba. Ribar sabuni ta shekara goma ba ta biyan wannan.

3. BA MU KAƊAI BA NE

A Amurka, shekaru ɗari da suka wuce, mata suna yin sabuni a gida da soda kamar yadda namu ke yi yau, ɗiyansu na sha. Wani lokotoron maƙogwaro na birnin Filadelfiya, Chevalier Jackson, ya gaji da ganin irin waɗannan yara. Ya yi shekaru yana bin mahukunta, har a 1927 aka yi doka ta tilasta rubuta «guba» bisa kowane gwangwanin soda. A Saliyo, inda mata da yawa ke ci da sabuni, yaran da suka sha soda sun yi yawa har likitar da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Goderich, kusa da Firitawun, ta ware masu shiri na musamman. A duk wuraren nan labarin iri guda ne: yawanci yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, ruwan soda kuma an bar shi cikin kofi ko buteli ko bokiti, inda hannun yaro ke kai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

4. SAYE DA AJIYA

A sayi daidai aikin da za a yi. Abin da bai kwana gida ba, ba ya cin ɗan gida.

Kada a aiki yaro sayen soda. Kada a haɗa ta kwando guda da sukari da gishiri da garin rogo.

In ta zo gida, a juye ta cikin roba mai kauri mai murfi. A yi ma robar jan fenti, ko a zana mata babbar alama, a nuna ma kowa na gidan. Robobin da suka dace su ne masu lamba 2 ko 5 a gindi. Butelin ruwan sha da na lemu, masu lamba 1, soda na cin su a hankali. Ban da haka, yaro ya san abin sha ake sa masu. Ko da wasa kada ruwan soda ya shiga buteli, ko kofi, ko moɗa, ko buta, ko ƙwarya. Yawancin yaran da suka sha, ƙishirwa ce ta kai su ga mazubin da suka saba sha a ciki.

A ajiye ta cikin akwati mai kwaɗo, ko ɗaki mai kulle, nesa da madafa da rumbu. Ƙarƙashin gado ba ma'aji ba ne, can yaro mai rarrafe ya fi zuwa. Bisa katanga ma ba ma'aji ba ne: akuya na turowa, iska na kaɗowa, wanda ya miƙa hannu ya sauko da ita kuma a fuska take zubo mashi.

Buhun da soda ta ƙare a ciki ba a sa hatsi ko wake ko dusa cikinshi. Dabba ma in ta lasa, ta ɗauka kanwa ce, bakinta ƙonewa yake.

5. RANAR AIKI

Kafin a kwance leda, a cika bido mai litir 20 ko 25 da ruwa mai tsabta, a ajiye kusa, da buta a gefenshi. Wannan ruwa ba na aiki ba ne, na ceto ne. In babu shi, kada a fara.

A fitar da yara daga wurin, a damƙa su ga wani babba da sunanshi. Mai goyo ta sauke goyonta. Yaron da ke bayan uwa yana miƙo hannu, kuma tururi na tashi daidai fuskarshi in ta sunkuya.

A sa safar hannu ta roba mai tsawo, da tabarau masu rufe ido ta gefe, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe. Ledar da ake ɗaura ma hannu tana hujewa ta tara ruwan a ciki, gara ma babu. A ɗaure bakin mayafi kada ya faɗa bokiti ya dawo ya shafi wuya.

A yi aikin waje, cikin inuwa, da safe, iska na bugun baya. Tururin da ke tashi yana ƙona hanci da ƙirji.

Mazubi ya zama roba mai kauri ko ƙarfen inoks. Tukunyar sanholo, wato alminiyam, irin ta maƙeran kasuwa, da bokitin kwano, ba su dace ba. Soda na cin su, ta huda gindi, kuma tana fitar da wata iska mai kama wuta in akwai murhu ko taba kusa. Kwalba kuma zafi na fasa ta.

Ga babbar doka, ku riƙe ta kamar sunanku: ruwa ke fara shiga bokiti, soda ta biyo baya. Kaɗan-kaɗan, ana motsawa da doguwar muciya wadda ba ta komawa madafa. Dalili: soda in ta haɗu da ruwa zafi take fitarwa, ruwan sanyi ya kai kusan tafasa ba tare da wuta ba. In ruwa mai yawa ne ya karɓe ta, shi ke shanye zafin. In kuwa ruwa kaɗan aka zuba bisa tarin soda, nan take yake tafasa ya yi tsartuwa zuwa fuska. Kada a jiƙa ta da ruwan zafi.

Da yawa an koya masu su jiƙa soda ta kwana don ta huce. Wannan daren shi ne daren haɗari. Bokiti na tsakar gida, ruwa garau, yaro ya tashi da asuba da ƙishirwa. In dole ta kwana, ta kwana da murfi cikin ɗaki mai kulle, makulli a ƙugun mai aikin.

A auna da sikeli, a bar awon ido da na gwangwani. Kilo guda na man gyaɗa yana cin soda wajen giram 135. Kilo guda na man kaɗe, wajen giram 128. Litir guda na mai bai kai kilo ba, ya ɗan fi giram 900. Ruwan jiƙo ya ninka nauyin sodar sau 2 zuwa 2 da rabi. In soda ta fi ƙarfin mai, ragowarta na nan cikin sabuni tana jiran fatar mai saye. Kada a ɗanɗana da harshe don gwaji. Sabon sabuni a bar shi ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin a kai kasuwa, kuma a shanya shi inda yara ba su kai, don ɗanyen sabuni yana kama da cuku ko alewa.

In busasshiyar soda ta zube, a kwashe da shebur ko guntun kwali, sannan a malala ruwa mai yawa. Ruwan wankin kaya a ƙara mashi ruwa sosai, a zuba cikin rami nesa da rijiya da turken dabbobi, a rufe da ƙasa. Kada a watsa shi a titi inda yara ke yawo ba takalmi.

6. IN TSAUTSAYI YA AUKU

Maganin fari guda ne: ruwa, mai yawa, nan take, na dogon lokaci.

In a fata ne: in busasshiya ce a fara kakkaɓe ta da tsumma. A tuɓe tufafin da ta jiƙa, da zobe da awarwaro. Rigar da sai ta bi ta kai, a yanke ta. A yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, har santsin ya ɓace. A rufe da tsumma mai tsabta. Ban da man kaɗe, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da toka ko kashin shanu. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko tana fuska, hannu, ko gaba, a tafi likita.

In a ido ne: kada a tsaya neman mota tukuna. A kwantar da mutum, idon da ya samu ya kasance ta ƙasa don kada ruwan ya gangara cikin mai lafiya. Wani ya buɗe fatar idon da yatsa, ko yana kuka ko yana fizga. Wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga gefen hanci zuwa waje. Minti 30 cif, a duba agogo, don minti biyar cikin firgita kamar awa yake. Sannan a kama hanya, a ci gaba da zubawa cikin mota ko amalanke. Ban da nonon uwa, ban da kwalli, ban da zuma, ban da murzawa.

In an haɗiye ne, a nan muke roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau, don abin da tausayi ke sa mu yi shi ke ƙara ɓarna.

Kada a sa yaro amai. Kada a zura mashi yatsa ko gashin kaza. Sodar ta ƙona hanya da ta sauka. In ta hawo ta sake ƙonawa, tana kuma iya faɗawa huhu.

Kada a ɗura mashi lemun tsami ko tsamiya ko ruwan kal wai don su kashe ta. Tsami da soda in sun haɗu zafi suke ƙarawa bisa ɗanyen ciwo.

Kada a ɗura mashi manja ko man gyaɗa ko nono ko madara. Ba su kashe soda, suna jawo amai, kuma suna rufe ma lokotoro gani in ya zo dubawa.

Abin yi: a share mashi baki da jiƙaƙƙen tsumma, in ya iya kurkura ya kurkure ya tofar. A wanke fuska da hannu da ƙirji. A zaunar da shi, ko a kwantar da shi ta gefe. A kai shi likita mafi kusa nan take, a tafi da ledar ko robar, a faɗi lokacin da abin ya auku. In ma'aikacin likita ya ce a wuce babbar likita, a wuce ranar, don duban cikin maƙoshi da na'ura ya fi kyau cikin awa 24 na fari. A manyan garuruwa ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Malamai, Allah ya gafarta maku: addu'arku muna bukatarta ƙwarai a irin wannan rana. A tofa, a shafa, a raka da ita bisa hanya. Amma abin sha, ko na rubutu ne, a jinkirta shi har lokotoro ya ce maƙoshi na iya ɗauka.

Abu biyu kuma. Bakin yaro na iya zama lafiya lau alhali maƙoshi ya ƙone, don ruwan wucewa yake da sauri. Ko shakka ake ya sha ko bai sha ba, a kai shi. Kuma in an sallamo shi, a koma ranar da aka ce, ko yana cin tuwo. Ranar da aka ga loma ta fara tsaya mashi, ko yana maido abinci, a koma ba sai ranar ta yi ba. Hanyar da ta fara tsukewa ta fi sauƙin buɗawa bisa wadda ta rufe.

Kada a ɓoye don kunya ko tsoron faɗan mai gida. Maza, ranar nan ba ranar neman mai laifi ba ce. Uwar da ta san duka ke jiranta, jinkirta faɗa take, jinkirin kuma yaro ke biyan shi.

7. GA ƳAN'UWA MASU BIDA

Da yawanku dako kuke a tasha da manyan shaguna, wasu a marina, wasu a gareji, wasu a masana'anta. Buhun soda in ya huje bisa kafaɗa, gumi ke jiƙa ta, ta ci wuya da baya kafin ka sauke. Duba buhu kafin ka ɗauka, ka shimfiɗa leda mai kauri a kafaɗa. In ka ji ƙaiƙayi ko santsi, sauke ka wanke nan take, kada ka jira a gama lodi. Ranar da ka kama aiki, tambayi inda pampo yake. Tambayi safar hannu da tabarau. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ya kamata ya ba ka su. Tufafin aiki kada a haɗa su wanki guda da na yara.

Soda tana da kishiya, ita ce asid, ruwan batir. Dattawanmu da suka yi aiki a Arlit da Akokan sun san ta, don da ita ake narka dutsen uraniyom. SOMAIR ta fara fitar da shi a 1971, COMINAK a 1978 har aka rufe ta a 2021. Yau kuwa asid ta zo gida, cikin batirin mota da na wutar rana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan batir asid ce tsantsa. Dokokinta su ne na soda: ita ke bin ruwa, ba ta shiga butelin sha, in ta taɓa jiki ruwa mai yawa, in an sha ban da amai. Kada a ajiye su wuri guda, don in sun haɗu tafasa suke su fantsama. Kada kuma a haɗa ruwan Javel da asid ko wani abu mai tsami wurin wankin makewayi: iskar kulorin ke tashi, tana shaƙe mutum cikin rufaffen wuri.

Tano da bido da kuke kawowa tsaraba don ajiyar ruwa, ku san abin da aka zuba masu da fari. Mai hoton hannun nan, a bar shi inda aka gan shi.

8. ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Wasu za su ce, tunda haka ne a hana yin sabuni cikin gari. Mun tattauna wannan, ba mu goyi bayanshi ba. In an hana, ba dainawa za a yi ba, ɓoyewa za a yi, a koma jiƙa soda cikin ɗaki ƙarƙashin gado. Kuma matan da ke riƙe da gida wata shida, bakwai, mazansu na bida, ba mu da abin da za mu ba su a madadin wannan sana'a. Wuƙa ma na yanka, ba a daina fawa ba. Ga abin da muke kawowa gabanku:

Na ɗaya, a ware wuri guda mai ƙofa da kwaɗo, inda masu sabuni za su riƙa jiƙa soda da ajiye ta, ta daina kwana cikin gidaje. Muna roƙon mai gari ya nuna fili.

Na biyu, asusun ƙungiya ya sayi sikeli, da safar hannu, da tabarau, da bokitai masu murfi, a damƙa su ga shugabar mata. Ƴan'uwa na birni, in za ku yo tsaraba bana, ku sa waɗannan a ciki.

Na uku, masu tebur da masu shago su daina saida ma yaro soda, su raba ta da kayan miya, su sa jar alama bisa kowane ƙulli. Dattawa ne za su faɗa masu, don bakinku ya fi namu nauyi.

Na huɗu, a san tun yau motar wa ko babur ɗin wa za a tasa in abu ya auku da dare, asusu ya ranta kuɗin mai, a yi lissafi daga baya.

Na biyar, a karanta sashe na 6 na wannan jawabi a wurin adashi, da wurin suna, da bakin masallaci bayan sallah, har kowace uwa da kowace kaka ta haddace: ruwa mai yawa, ban da amai, ban da ɗura, sai likita.

Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da maganinshi ke nesa da mu. Waɗannan shawarwari biyar suna hannunku. Abin da taro ya tsaida, za a buga shi a fitowa ta gaba.

Allah ya tsare mana ɗiyanmu, ya sa albarka cikin sana'ar matanmu, ya maido matafiyanmu gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.